Ciwon da Kawu Ya Sauya wa Suna

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Kawu, yaushe ka zama likita ba mu da labari? Na fara da tambayar ne don kar ta huce, domin ka san gaisuwar gidanmu, in aka kama ta da hantsi sai rana ta take. To yanzu ga gaisuwar. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa irin ta ɗa da uba, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida, yaya gwiwar nan da take hana ka hawa bene? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da ranka, ya sa ka gama da abin da ya kai ka lafiya. Mu nan duk lafiya lau, in ka cire wadda ba ta da lafiya. Ƙanwarka Inna tana nan, jininta ya sauka tun da muka ɓoye batirin rediyo. Goggo ma tana nan da ƙarfinta, har ya yi yawa, za ka ji a gaba. Ƙanwata Auta ta ci jarrabawarta. 'Yar Lukuta, 'yarmu, ta fara tafiya, kuma abin da ta fara takawa ta je ta jawo shi ne wayar fanka.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka bari mutum ya kai aya. Da na ce Kawu, sai ka ce ka gane, ka yanke hukunci, ka ce ana kiranka a ɗaya layin. Takarda kuwa ba a katse ta. Na san za ka ce ai rubutun mai faci ne, wanda ya koyi karatu a jikin taya da tsofaffin jaridun da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mota. Haka ne, ban musa ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe, in ka ga kuskuren baƙi ka gyara a ranka, in ka ga rashin kunya ka ajiye mini ita sai ka zo, ina nan ba inda za ni.

Bari in maimaita maka abin da ka riga ka sani, don kar gobe ka ce ba a yi maka bayani ba. Surukarka, matata Mai Ɗinki, ta sha wuya wajen haihuwar 'Yar Lukuta. Yarinyar ta zo da kai irin namu, kai ma ka san hularka ba a samunta a kasuwa sai an sa an yi. Uwar ta ƙaru sosai, aka yi mata ɗinki, ɗinkin bai kama duka ba, ya bar 'yar kafa tsakanin hanyar bayan gida da gabanta. Likita ta ce kafar ba ta fi ƙwayar wake ba. To amma ƙofa ce marar makulli. Iska tana bi ta nan, bayan gida in ya yi ruwa yana bi ta nan, ba sallama ba neman izini. Sunan ciwon yoyon bayan gida. Ga shi na rubuta, kuma takardar ba ta kama da wuta ba.

Ranar da muka gane abin da ake ciki, kai na fara kira, ina tsugune a bayan shago tsakanin tayoyi. Na faɗa maka komai. Sannan ka ce wannan magana ba ta fita, gidanmu ba a san shi da irin wannan ba, ga 'yan mata a dangi ba su yi aure ba. Ka ce a ce gyambon ciki ne, domin olsa ciwon mutunci ne, manyan ma'aikata ma suna da ita. Kafin gari ya waye ka riga ka saki murya a zauren dangi na waya, cewa a sa Mai Ɗinki a addu'a olsa ta kama ta, kuma kowa ya sani mai olsa ba a barinsa da yunwa. Wannan jimla ta ƙarshe ba wanda ya roƙe ka ita, Kawu. Kyauta ka ƙara mana.

Tun daga ranar gidana ya koma kamar gidan sayar da abinci, sai dai mai ci mutum ɗaya ce kuma ba ta so. Ka gane, mai wannan ciwon dabararta ita ce ta ci kaɗan, ta san abin da ta ci, in za ta fita kuma ta fita da ciki a sake. Matan danginka kuwa suka ɗaura ɗamarar cika ta. Wannan ta kawo madara, waccan ta kawo wake don an ce yana riƙe ciki, Goggo ta zauna a bakin gado ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga ƙasan kwano. In sun tafi suna sa wa kansu albarka, ita ce za ta wuni tsakanin ɗaki da banɗaki da buta a hannu. Ta rufe shagonta ta dawo da keken ɗinkin gida, saboda awo yana buƙatar ta durƙusa kusa da mutum, ita kuwa ba ta yarda da jikinta ba. Ragowar yadin mutane da a da take yi wa yara 'yan tsana da su, yanzu su take naɗewa ta ɗinka abin tarewa. Igiyar shanyarmu ta bayan ɗaki ba ta taɓa zama ba kaya. Fatarta ta yi ja saboda yawan wanki, ga zafi, ga ƙaiƙayi. In an je taro kusa da ƙofa take zama, kamar wadda ta zo karɓar saƙo. Amma bakinta bai mutu ba. Ita ce ta ce mini ta shekara da shekaru tana toshe wa mutane yagar wando, ga shi tata yagar tana wurin da hannunta ba ya kaiwa.

Yanzu ga yadda ɗanka ya yi suna. Wata rana muna cikin motar haya za mu awon 'Yar Lukuta, mota ta cika har da na tsaye, direba ya faɗa wani rami, sai abin ya fita da ƙara. Na ga mutane sun fara waige, na ga fuskar matata ta koma kamar ta wadda ake jira a karanta wa hukunci. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba kamar ɗan makaranta, na ce jama'a a gafarce ni, wake na ci. Wata tsohuwa ta ce tir da ƙato, wani ya buɗe taga, kwandasta ya ce in zan ƙara in faɗa ya sauke ni. Mai Ɗinki ta cusa fuska a bayan yarinya, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. Rabon da in ji dariyarta tun kafin haihuwar. Sai na ce to, in dai wannan ne kuɗin shiga, na saya.

Daga nan ya zama aikina na biyu. A ɗakin Inna ni ne, a layin asibiti ni ne, a gidan gaisuwar rasuwa ma ni ne, Allah ya yafe mini. Na ƙware har ina gyara zama kafin a waigo. Ranar da abin ya kusa ɓaci ita ce ranar da ya faru ina can bakin ƙofa ina ɗaura takalmi, ita kuma tana ƙuryar ɗaki kusa da Goggo. Na ɗaga murya daga nesa na ce ni ne. Goggo ta dube ni, ta dubi inda ƙarar ta fito, ta ce wannan yaro abin nasa ya girma, yanzu har aike yake yi. A layinmu direbobi sun daina kirana Mai Faci, sai Injin Iska. In wuta ta ɗauke sai su ce ba komai, a sa masa tiyo kawai ya cika tayar. Mai aski yana ganina zai jawo fanka. Goggo ta haɗo mini wani magani na kumburin ciki mai ɗacin da ko akuya ba za ta kalla ba, kuma sai ta tsaya ta ga maƙogwarona ya motsa. Ni lafiyayye ina shan maganin ciwon da ba ni da shi, marar lafiya tana cin abincin ciwon da ba ta da shi. Wannan ne asibitin da ka buɗe mana.

Neman magani kuwa mun yi shi. Mun je kemis, ya ba mu abin shafawa. Mun je ƙaramin asibitin da ta haihu, suka ce a jira wurin ya huce tukuna, wata da watanni, kuma ashe a nan gaskiya suka faɗa. Wani mai tallar magani da lasifika a bayan mota ya rantse kwalbarsa tana toshe kowace irin kafa, na tambaye shi me ya sa tankin motarsa yake ɗiga, muka rabu ba daɗi. Ni kuma na kama karatu. Duk takardar da ke cikin kwalin magani na karanta, duk abin da waya ta nuna na haɗiye, har na iya furta sunan ciwon na likitoci, wanda in ka faɗe shi sai ka sha ruwa. Ranar da aka tura mu babban asibiti wajen likitar da take wannan aikin, na shiga da ilimi fal ciki. Kafin ta buɗe baki na gano wa matata cututtuka uku, biyu daga ciki ashe na maza ne. Likitar, wata 'yar gajeruwa mai takalmin roba, ta bar ni na gama, sannan ta nuna mini kujera ta ce in zauna in huta, a bar mai jikin ta yi magana. Na zauna. Ban ji daɗi ba amma na zauna.

Kawu, ranar ce na fara jin Mai Ɗinki ta faɗi abin daga farko har ƙarshe da bakinta, ba ta sunkuyar da kai ba. Likitar ba ta toshe hanci ba, ba ta yi salati ba, rubutu kawai take tana gyaɗa kai kamar ana ba ta labarin mura. Ta duba ta, ta ce ana gyarawa, kuma nata yana cikin masu sauƙi. Ta ce ba baki ba ne, ba gado ba ne, ba a ɗauka, rauni ne na haihuwa kamar kowane rauni. Ta leƙa da mu ɗakin da ake kwantar da masu irinsa. Na yi zaton zan tarar da makoki, sai na tarar da kasuwa. Akwai malamar makaranta, akwai 'yar sanda, akwai wata mai sayar da atamfa da ta ɗauki ciwon tun ɗanta yana goye, ga shi yanzu shi ya tuƙo ta a mota. Suna tsokanar juna, in iska ta fita kowa tana ɗora wa ta kusa da ita. Matata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu kamar wadda ta daɗe a baƙon gari ta ji ana yaren gidansu.

Sai likitar ta yi mana bayanin aikin. Za a gyara bakin kafar, a ɗinke ta hawa-hawa, amma sai hanji ya zama wankakke kuma ba komai a ciki, kuma aikin farko shi ya fi kamawa, in ya warware na biyu ya fi wuya. Na ce ai na gane, faci ke nan, mu ma ba ma liƙa faci a kan datti, sai an kankare an goge ya bushe, kuma ba a ɗora wa taya lodi gam bai kama ba. Likitar ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Na fito ina jin kaina kamar abokin aikinta. Muna kaiwa bakin titi Mai Ɗinki ta ce in na ƙara kwatanta ta da taya a gaban mutane, in kwashe tabarmata in koma shago in kwana da 'yan'uwanta.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne likitar ba ta zama wuri ɗaya. Asibitoci take zagayawa, in ta zo ta yi 'yan kwanaki ta wuce, sai kuma an ga dama. Aka ba mu rana. Aka kwantar da Mai Ɗinki, aka sa ta a ruwa-ruwa, aka ba ta maganin wanke ciki wanda ba zan yi maka bayaninsa ba don kana iya karanta wannan kana cin abinci, daga ƙarshe aka ce ko ruwa kar ya wuce maƙogwaronta sai an fito tiyata. Ta bi doka tsaf. Leɓenta ya bushe, idonta ya faɗa, amma tana ta zolayar maƙwabciyar gadonta. Da safen aikin aka ce in je ɗaya ginin in ba da jini a ajiye ko za a buƙata. Na tafi, na tarar da layi. A wannan tsakanin ne Inna da Goggo suka iso da kular abinci.

Abin da zan faɗa maka yanzu daga bakin mutum uku na haɗa shi, har da mai sayar da atamfa, wadda ba abin da ya wuce ta. Nas ta tare su ta ce ba a shiga da abinci, marar lafiyarsu tiyata za ta. Goggo ta ce ta sha jin muguntar asibiti amma yau ta gani da idonta, mai olsa a hana ta ci tun jiya, kashe ta za su yi su ce kwana ne ya ƙare. Suka fita kamar sun haƙura. Goggo ta zagaya bayan gini, ta ɗaure kular a cikinta da ɗankwali, ta saki mayafi a kai, ta dawo tana tafiya tana dafa ƙugu. Mai gadi ya dubi furfurarta, ya dubi cikin, ya ce ikon Allah, ya nuna mata hanyar ɗakin haihuwa, har da Allah ya raba lafiya. Ta ce amin. Suka shige, suka ja labule.

Mai Ɗinki ta gaya musu an hana ta ci. Ta faɗa, ta maimaita. Inna kuwa, da yake tana tsoron doka, ta ce bari a kira yayanta, shi ya san ciwon tun farko, abin da ya ce shi za a yi. Aka kira ka. Aka sa ka a sifika, surukarka tana kwance tana ji. Goggo ta karanta maka ƙarar asibiti. Kai kuma, Kawu, kai kaɗai a duk dangi da ka san abin da ya kwantar da ita, ka yi gyaran murya ka ce to a ba ta ko kaɗan ne, kar ciki ya zauna haka. Na san abin da ya faru, ramin da ka haƙa ne ya ƙure, ka ga in ka ce a'a za a tambaye ka dalili. Inna ta ɗebo shinkafa a cokali ta kai mata baki da hannunta, tana cewa ci 'yata, ni ce uwarki a nan. Ka gaya mini wace suruka ce za ta kawar da kai. Ta ci shinkafa, ta ci cinyar kaza, ta ci ƙwai, aka bi da ayaba, aka danne da madara. Kaɗan ɗin Goggo ke nan.

Na dawo da auduga a gwiwar hannu, jiri yana ɗibata, tun daga baranda na ji ƙanshin kaza a ɗakin da kowa ke azumin dole. Ina shiga mai allurar barci yana shigowa da keken tura marasa lafiya. Ya yi tambayar da suke yi wa kowa, ko ta ci wani abu. Goggo tana ƙifta mata ido, amma Mai Ɗinki ba ta iya ƙarya ba, ta lissafa masa har ayabar. Aka kira likita. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta cire hular tiyata ta ce ba a sa mai cikakken ciki barci, ba a kuma ɗinki a hanjin da ke aiki, sai zuwanta na gaba. Aka tura wata a madadinta, Allah ya ba ta lafiya, ba ni da haushinta. Ni kuwa na buɗe baki. Ban tuna duk abin da na ce ba, amma an ce na ambaci sunanka da ƙarfi, na haɗa da kular da wanda ya ƙera ta. Mai gadi ya riƙo ni, muna kaiwa baranda jinin da na bayar ya nemi hakkinsa, na zube. Da na farfaɗo kaina yana kan cinyar Goggo, tana tura mini ragowar kazar a baki tana cewa ga shi nan, shi ma yunwar ce.

Mai Ɗinki ba ta yi kuka a asibiti ba. Da muka dawo gida ta zauna a gaban keken ɗinki ta yi ta taka shi, ba zare ba yadi, har 'Yar Lukuta ta yi barci da ƙararsa. Da ta tsaya sai ta ce ta gaji da jinyar ciwon da ba nata ba. Ta ce ita take ɗauke da abin nan, ita take wanke shi, ita ta san nauyinsa, kuma kunyar ba ta kai shi nauyi ba. Ta ce in je in faɗa wa Inna gaskiya da sunanta. Saboda haka kar ka ce na tona asirin matata, da izininta nake rubuta kowane layi, wasu ma ita ta ce in ƙara.

Na je na sami Inna, Goggo tana wurin, na faɗa musu dalla-dalla. Ka san me ƙanwarka ta ce? Ta ce yayanta bai taɓa yi mata ƙarya ba tun suna yara, ba kuma zai fara a kan ɗan da ya yi karatu a jikin taya ba. Sannan ta tambaye ni, duk warin nan da aka yi shekara ana sha a ɗakinta, wa ya ɗaga hannu ya ce nasa ne, a gaban shaidu, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Ta ce yanzu da na ga sunana ya ɓaci a gari shi ne zan juye wa baiwar Allah marar lafiya, ta ji kunyar haihuwata. Goggo ta ce da ma namiji ba ɗan goyo ba ne. Na koma na taho da Mai Ɗinki da kanta. Ta durƙusa, ta tattaro duk ƙarfin zuciyarta, ta ce Inna gaskiya ne, ni ce. Inna ta rungume ta tana hawaye ta ce rufe bakinki 'yata, kar ki rufa masa asiri, irinku ne 'yan aljanna. Na nuna katin asibiti, Goggo ta ce ba ta karɓar shaidar mutanen da ke hana marar lafiya abinci. Ranar har an ƙara mini kofin maganin ɗaci.

To ga inda muke. An ba mu sabuwar rana a farkon watan gobe. Abin da ke hana ni sukuni ba ranar aikin kaɗai ba ce, bayan aikin ne. Likita ta ce za a yi makonni ana lallaɓa cikin da abu mai ruwa da mai laushi, kaɗan-kaɗan, ba yunƙuri, ba ɗaukar nauyi, domin in aka danna wa ɗinkin lodi ya ɓalle, an koma baya, kuma gyara na biyu ba ya kai na farko. Ita kuwa Goggo ta riga ta raba wa matan dangi kwanan girki. Ta sayi kula wadda ta fi ta da. Ta kuma ɗauko 'yarta mai ciki na gaske za ta riƙa rako ta, don mai gadi ya rasa wanda zai bincika. Ba mugunta ba ce, Kawu, so ne, kuma shi ya sa ya fi ƙarfina. Mugu ana korarsa, amma uwar da ta zo da cokali tana hawaye ba ta koruwa. Magana ɗaya ce za ta sauke cokalin nan, kuma ba a bakina take ba.

Ban manta alherinka ba. Da Baba ya rasu kai ka tsaya mana, kai ka saya mini injin busa taya na farko, kai ka je nema mini auren nan da gwiwarka mai ciwo. Na kuma yarda sutura ka nufa. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. 'Yan matan da kake tsoron za su rasa miji, abin da zai amfane su shi ne su ji cewa irin wannan yana faruwa, yana da suna, ana gyara shi, ba su ji cewa a gidanmu in mace ta ji rauni wajen haihuwa sai a sauya wa raunin suna a ba ta ayaba ba. Kuma bari in gaya maka wani abu. Bayan rigimar ɗakin Inna, wata daga cikin matan danginka, ba zan faɗi ko wace ce ba ko za ka yanka ni, ta zo kawo ɗinkin da ba ta buƙata, ta jira na fita, ta tambayi Mai Ɗinki ta wace ƙofa ake shiga wajen likitar nan. 'Ya'yanta sun girma. Ka lissafa da kanka tun yaushe take shiru.

Ka gaida Umma da kyau, ka ce mata man zafin da ta aiko wa Inna ya iso. Ka gaida Babban Yaya da iyalinsa, da Malama, da Dogo in har yanzu yana gidanka yana neman aikin da yake gudu. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, ba ta san abin da na rubuta ba, ta ce a gaya maka kana ƙoƙari da mu. Auta tana gaisuwa. Surukarka ta ce a gaishe ka da girmamawa, ta ce ba ta riƙe ka a zuciya ba, kuma ba ta neman ka ba ta haƙuri.

Abin da muke nema ke nan. Kar ka kira ni a waya, ba zan ɗauka ba. Kar ka aiko amsa a asirce ta hannun direba, zan mayar maka da ita a rufe. A zauren dangi ka ɗaura maganar, a can za ka kwance ta, da muryarka, Inna da Goggo da duk masu kwanan girki suna ji, kafin watan nan ya mutu. Ka faɗi sunan ciwon yadda yake. Ka ce abin da likita ta hana ya hanu, ko wa ya dafa. Sannan ka amsa tambaya ɗaya da Mai Ɗinki ta ce in miƙa maka, ita ma za ta kasance tana saurare: ranar da aka sa ka a sifika tana kwance tana jiran tiyata, ka san abin da ke damunta ko ba ka sani ba?

Wassalam. Ɗan ƙanwarka mai jiran jin muryarka a gaban kowa,

Mai Faci